Windows 7 ɗina na aiki lafiya, dole ne sai na rabu da shi?

Baban Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masana nake nema. Ina da shagon buga takardu da wankin hoto a nan Zariya, kwamfuta huɗu ne a ciki. Biyu Windows 7 ke kansu, ɗaya Windows 10, sai wata tsohuwa a lungu mai Windows XP wadda ba ta aikin komai sai sikanin, don sikanar tawa ta ƙi kowace kwamfuta sai ita. Yaron da ke taya ni aiki ya ishe ni da cewa duk huɗun sun mutu, har da mai Windows 10 ɗin, wai kamfanin ya daina kula da su. Ni dai abin da nake gani, da safe in na kunna suna tashi, CorelDraw na buɗewa, firinta na fitar da takarda. To mutuwar ta ina take? In kuma da gaske akwai haɗari, wane iri ne? Don Allah kada a ce min in sayi sababbi kawai, kowa ya san yadda dala take.

Habu Mai Gyara:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, bar kayanka yadda suke. Tun zamanin XP nake gyara a Kano, kuma abin da ke kawo min kwamfuta shago sananne ne: wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona caja, ƙura ta toshe fanka, rumbun ajiya ya gaji, yaro ya zubar da shayi a kan kibod. Wanda ya zo yana kukan an shiga masa kwamfuta daga Rasha ban cika ganinsa ba.

Windows 7 a kan ram giga 2 ko 4 gudu yake yi. Ɗora wa wannan injin Windows 10, kafin ya gama tashi ka sha kunu ka wanke kofi. Ga cin data, ga afdet da zai riƙe ka kwastoma na tsaye, janareta na shan mai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Injiniya Zuby:
Wa alaikumus salam Baban Iman. Yaronka yana da gaskiya, kalmar ce dai ya zafafa. Microsoft ta daina fitar wa XP gyara ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025. Ba wanda zai kashe maka kwamfuta daga nesa, za ta ci gaba da tashi. Abin da ya tsaya shi ne toshe ɓaraka.

Ga yadda abin yake. Talata ta biyu a kowane wata Microsoft na fitar da gyare-gyaren tsaro. Masu kutse su ma suna sauke su, su kwatanta fayil ɗin kafin gyara da bayan gyara, su gane daidai inda ramin yake. To sassa da yawa na Windows gado ne, abin da ke cikin Windows 11 yau wani tun Windows 7 yake nan, wani ma tun XP. In aka toshe rami a sabo, sau da yawa ramin nan na cikin tsoho, kuma shi ba wanda zai toshe masa. Kenan kowane wata ana ƙara sanar da ɓarayi inda za su bi su same ka, kai kuma ba a aiko maka komai.

Malam Habu, wanda aka sace wa kalmar sirri ba ya kawo kwamfuta wurin gyara, domin kwamfutar ba ta nuna alamar ciwo. Banki yake tafiya yana rantsuwa bai ba kowa lambarsa ba.

Habu Mai Gyara:
Hajiya Injiniya, a ba mu misali na zahiri, ba na takarda ba.

Injiniya Zuby:
Bairos ɗin WannaCry, 12 ga Mayu 2017. Ya kulle fayilolin kwamfutoci sama da dubu 200 a ƙasashe kusan 150, yana neman dala 300 kafin ya buɗe. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya da tiyata, wasu suka riƙa juya motocin ɗaukar majinyata zuwa wani wuri. Kuma ba sai ka danna komai ba, ta hanyar da Windows ke musayar fayil tsakanin kwamfutoci yake shiga da kansa, daga wannan ya tsallaka waccan. Abin ya yi munin da sai da Microsoft ta fitar wa XP gyaran gaggawa, shekara uku bayan ta ce ta gama da shi.

Habu Mai Gyara:
Yawwa, nan nake jiranki. Mafi yawan kwamfutocin da WannaCry ya kama Windows 7 ne, ba XP ba. A 2017 kuwa Windows 7 na ƙarƙashin kulawar kamfani, saura kusan shekara uku wa'adinsa ya cika. To ina amfanin kulawar?

Injiniya Zuby:
Gaskiya ne, kuma hujjata ce ka ɗauko. Gyaran wannan ramin ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda suka saka ba abin da ya same su. Waɗanda aka kama su ne masu kashe afdet ko masu jinkiri. Su wata biyu kacal suka yi a baya. Kwamfutocin Baban Iman masu Windows 7 sun fi shekara biyar a baya, kuma ko yana so ba inda zai samo gyaran.

Na Gwaggo:
Malam Habu an ci ka ɗaya da nema 😂

Habu Mai Gyara:
Wasa bai tashi ba tukuna.

Maman Walid:
Ni ba masaniya ba ce, kwastoma ce irin wadda ke zuwa shagonku. Duk maganar da ake yi ta mai shago ce, ko kwamfutarsa za ta lalace ko ba za ta lalace ba. Mu fa? A shago irin naka nake biyan kuɗin makarantar yara ta Remita, a nan ake duba sakamakon WAEC da NECO, a nan nake buɗe imel ɗina in fitar da takarda. Na sha zama gaban kwamfutar shago in ga hotunan fasfo na mutane, katin NIN, takardar haihuwa, har takardar banki, duk a zube a fuskar kwamfuta ba wanda ya goge. In kai ka yarda ka ɗauki kasada da kayanka, ni ban yarda ka ɗauka da nawa ba, kuma ba ka tambaye ni ba.

Baban Iman:
Hajiya, maganarki ta shige ni. Amma ai ina da antibairos a kansu duka, kuma Chrome nake amfani da shi, ba tsohon Internet Explorer ba.

Injiniya Zuby:
Buɗe Chrome ɗin a kan Windows 7, ka shiga inda ake duba lambar zubinsa. Za ka ga 109. A nan Google ta tsaya tun Janairun 2023, ba zai ƙara gaba ba har abada a kan wannan kwamfutar. Burauza kuwa ita ce ƙofar da aka fi shigowa ta cikinta, domin ita ke karɓar duk abin da kowane shafi ya turo. Firefox ta fi haƙuri, zubinta na 115 shi ne na ƙarshe a Windows 7 kuma Mozilla ta yi ta ƙara masa wa'adin gyara, amma shi ma na ɗan lokaci ne. Na XP kuwa kada ma a yi magana, Chrome ya tsaya a 49 tun 2016, shafuka da yawa ba za su buɗe ba sam.

Antibairos na da amfani, ban ce ka cire ba. Yana kama abin da ya sani ko abin da ya yi kama da shi. Ramin da ke cikin Windows kansa ba ya iya toshe shi. Kamfanonin antibairos ɗin ma ɗaya bayan ɗaya suke janyewa daga Windows 7.

Sannan abin da Maman Walid ta faɗa ba na ladabi kaɗai ba ne. Tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane, kuma duk mai karɓar bayanan jama'a don sana'a akwai nauyin kiyaye su a kansa.

Alhaji Mai Monogram:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba. Ni aikin kwamfuta nake yi a kan shadda da yadi, injina mai kai da yawa ne, kuma kwamfutar da ke tura masa zane XP ce. Manhajar zanen da 'yar makullinta da ake sokawa a baya ba sa aiki a sabon Windows, an gwada. In na ce zan bi zamani, ba kwamfuta kaɗai zan canza ba, sai na sayi sabuwar manhaja, wataƙila har allon da ke cikin injin. Kuɗin ya isa a buɗe wani shagon. Wannan kwamfutar kuwa tunda aka kawo ta ba ta taɓa ganin intanet ba. Gabanin sallah dare da rana take aiki ba ta taɓa ce min tana afdet in jira ba. 'Yata Injiniya, ni ma in jefar?

Injiniya Zuby:
A'a Baba Alhaji, kai kam riƙe abinka. Irinka suna da yawa a duniya, masana'antu da dakunan gwaje-gwaje cike suke da injuna masu tsada da ke jingine da tsohuwar kwamfuta. Ko na'urorin cire kuɗi, lokacin da wa'adin XP ya cika a 2014 mafi yawansu shi ke kansu. Tambayata guda ce: zanen da kwastoma ke kawowa, ta ina yake shiga kwamfutar?

Alhaji Mai Monogram:
Da filashi mana. Wani ya kawo nasa, wani yarana su sauke daga waya su zuba.

Injiniya Zuby:
To ga intanet ɗinka nan, a aljihun kwastoma take zuwa. Bairos ɗin Conficker da ya addabi XP daga ƙarshen 2008 har ta filashi yake yaɗuwa. Bairos ɗin Stuxnet da aka gano a 2010, wanda ya lalata injunan tace yuraniyom na Iran a Natanz, an ƙera shi ne ya bi filashi don ya kai ga kwamfutocin da ba sa kan intanet. Ba wanda zai ƙera irin wannan don shagon monogram, amma ƙananan 'yan uwansa na yawo a kowane filashi da ya zaga shagunan gari.

Habu Mai Gyara:
A nan kam ni da Hajiya bakinmu ɗaya. Wannan bairos da ke ɓoye fayiloli ya mai da komai gajeriyar hanya, ka buɗe filashi ka ga kamar an share, kusan kullum sai an kawo min shi. Alhaji, abin da nake ba irinku shawara:

Filashi ɗaya tak na shago, shi kaɗai ke shiga wannan kwamfutar. Na kwastoma a soka shi a wata kwamfutar daban mai sabon antibairos, a kwafo zanen kawai. A kashe abin nan da ke sa filashi ya buɗe kansa da an soka shi.

Wanda ya fi wannan muhimmanci, a kwafi rumbun ajiyar gaba ɗayansa, yadda yake da Windows ɗin da manhajar da diraibobin, wato ƙananan manhajojin da ke sa kwamfuta ta gane na'urorin da aka haɗa mata, a zuba a wani rumbun a ajiye a durowa. Abin da zai kashe kwamfutarka tsufa ne, ba ɓarawo ba. Rumbun da ya shekara goma sha yana juyawa ranarsa na zuwa, kuma faifan da aka saka manhajar da shi na tabbata ba ka san inda yake ba. In ka samu irin allon kwamfutar a kasuwa da araha, saya ka ajiye, don kullum ƙara wuya suke.

Alhaji Mai Monogram:
Faifan kam Allah ne ya san inda yake. Zan aiko yaro.

Ɗan Linux:
Duk wannan wahalar ta me? Baban Iman, sauke Linux Mint, madadin Windows ne, kyauta ne, ba lasisi ba satar makulli. Akwai mai sauƙin nauyi da ake kira Xfce, yana gudu a kan injin da Windows 10 ke rarrafe. Zubi na 22 ana kula da shi har 2029. Firefox da Chrome na yau duk suna hawa. Fuskarsa ma kusan ta Windows 7 ce, maɓallin farawa na ƙasa a hagu. Goge duka huɗun ka huta.

Na Gwaggo:
Ko ciwon kai ka ce kana yi, wannan yaron Linux zai rubuta maka.

Baban Iman:
Ɗan'uwa, CorelDraw na hawa?

Ɗan Linux:
Ba ya hawa kai tsaye, amma akwai Inkscape, shi ma kyauta.

Baban Iman:
To ka ga matsalar. Katin biki, kalanda, fosta, hatimin makaranta, duk zanen da na tara shekara da shekaru a CorelDraw suke. Masu manyan injunan bugu da nake kai wa aiki fayil ɗin Corel suke karɓa. Sannan ɗalibai, su ne rabin cinikina. Yaro zai kawo kundin bincikensa shafi 80 da ya tsara a Word, malaminsa ya riga ya duba lambobin shafi. Na taɓa ganin an buɗe irin wannan a LibreOffice, madadin Word da ke zuwa da Linux, teburi ya tsallaka wani shafi, babi ya fara a tsakiyar takarda. Wa zai biya kuɗin takardar da aka ɓata?

Ɗan Linux:
Yawanci rashin irin harafin da aka rubuta da shi ne ke kawo haka, in ka saka haruffan Microsoft abin na raguwa sosai. Ko ka ce su riƙa kawowa a PDF.

Habu Mai Gyara:
"Na raguwa" ba ya biyan kuɗin takarda. Kuma ɗalibin da ya zo gyara kuskure uku kafin a buga ba zai kawo PDF ba.

Injiniya Zuby:
Ku biyun kuna jayayya kamar dole abu ɗaya za a ɗora wa duka huɗun. Baban Iman, aikin shagonka iri biyu ne. Akwai wanda ke buƙatar intanet da sirrin mutane: biyan kuɗi, imel, cike fom, duba sakamako. Akwai wanda ba ya buƙata: zane, taifin, bugawa, sikanin. Na farkon burauza kawai yake so, kuma a nan shawarar Ɗan Linux ta zauna daidai, ba ruwan Remita da CorelDraw. Ɗauki ɗaya daga masu Windows 7 ka sa mata Mint, ta zama ita ce ta kwastoma. Ɗayar ta ci gaba da Corel da Word ɗinta a Windows 7, amma a zare mata intanet. Ba kwabonka da zai fita.

Na Gwaggo:
Ni dai tambayata, sabon ma lafiya gare shi? Ba a 2024 ba ne kwamfutoci suka yi shuɗin allo a duniya, jirage suka kasa tashi? Masu tsohon Windows suna gefe suna dariya.

Injiniya Zuby:
19 ga Yuli 2024. Ba afdet ɗin Windows ba ne, na wani kamfanin tsaro ne mai suna CrowdStrike da manyan ma'aikatu ke amfani da shi, ya tura fayil mai kuskure, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka faɗi. Mai shago irin Baban Iman ko da Windows 11 yake abin ba zai taɓa shi ba.

Habu Mai Gyara:
To ga na Microsoft da kanta. Afdet ɗin Oktoban 2018 na Windows 10 ya goge wa wasu mutane fayilolinsu, sai da kamfanin ya janye shi. Wannan fa? Shi ya sa mutanenmu da an saka musu Windows abin da suke fara cewa shi ne a kashe musu afdet. Ba jahilci ba ne, sun ga abin da suka gani. Wani firintarsa ce ta daina aiki bayan afdet, wani datar wata guda ce ta ƙare a dare ɗaya.

Injiniya Zuby:
Ban musa ba, ya faru. Amma wanda afdet ya ɓata wa aiki ya san abin da ya same shi a ranar, kuma in yana da kwafin fayilolinsa ya mayar. Wanda aka kwashe wa bayanan kwastomomi ba zai sani ba sai magana ta fito daga wani wuri. Maganar data kuma, Windows 10 da 11 na da wurin da za ka gaya masa datarka a ƙirge take, sai ya rage sauke-sauke. Ana iya sa masa awannin aiki don kada ya sake tashi kwastoma na tsaye.

Baban Iman:
To ita mai Windows 10 ɗin fa? Na gwada ɗaga ta zuwa 11 ta ce ba ta cancanta ba. Core i5 ce fa, ram giga 8, ba abin da ke damunta.

Habu Mai Gyara:
Nan ne ni raina ke ɓaci. Windows 11 na neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in furosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta Intel ce sai zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Wato injin 2016 ko 2017 mai lafiya, mai SSD, wato rumbun ajiyar nan mai sauri, wanda zai yi shekara biyar nan gaba yana aiki, an ce ya zama shara. A Turai kamfanoni za su kwashe su, kwantena za ta kawo mana. Ku je Beirut Road ta Kano ko Computer Village ta Ikeja ku ga laftof ɗin EliteBook 840 G3 da ire-irensa, zubi na shida ne, ga kyau ga araha, kuma duk Windows 11 bai yarda da su ba a hukumance. Mai saye kuma yana ganin an riga an ɗora masa 11 a kai, bai san ta bayan gida aka shigar ba.

Mai niyyar sayen ɗan kwatano ya duba lambar furosesa da kansa. In ka ga i5-6300U, shidan farko shi ne zubin. In ka ga i5-8250U, na takwas ne, ya tsallake. Kada ka tsaya a "Core i5 ce" kawai, Core i5 tun 2009 ake yin ta.

Ɗan Linux:
Ai da manhajar Rufus ana tsallake sharaɗin TPM ɗin a minti biyu.

Habu Mai Gyara:
Ana yi, ni ma ina yi wa wanda ya nema, amma ina gaya masa gaskiya. Microsoft ta ce ba ta ɗauki alkawarin ba irin wannan injin afdet ba. Zuwa yanzu na wata-wata na shigowa, babban na shekara kuma ba ya zuwa da kansa, sai an sake sakawa da hannu. Injunan da suka tsufa sosai kamar Core 2 Duo kuwa daga zubin 24H2 na Windows 11 ko tashi ba sa yi, dabara ba ta aiki. Duk da haka, in aka ce in zaɓa wa mai zubi na shida ko na bakwai tsakanin wannan da zama ba gyara, zan ɗora masa 11.

Abin da ba na yi shi ne waɗannan Windows ɗin da ake yawo da su a filashi, wai "Lite", wai an rage musu nauyi. Wanda ya rage ba ka san shi ba, ba ka san me ya cire ba, ba ka san me ya ƙara ba. Galibi afdet da antibairos ɗin ciki ake fara cirewa. Gara min Windows 7 na asali da aka zare wa intanet da Windows 11 na wani ɗan dandatsa.

Injiniya Zuby:
Yau dai Malam Habu ya faɗi abin da zan sa wa hannu ba gyara.

Baban Iman, akwai kuma hanyar sayen lokaci. Microsoft ta buɗe wa masu Windows 10 ƙarin shekara guda na gyaran tsaro, har 13 ga Oktoba 2026. Sai kwamfutar na kan zubin 22H2 kuma ka shiga da asusun Microsoft. Na ɗaiɗaikun mutane dala 30 ne, ko kyauta in ka yarda ta ajiye saitunan kwamfutarka a asusun. Na kamfanoni dala 61 ne kowace kwamfuta a shekarar farko, yana ninkawa duk shekara har uku. Duba wurin afdet a saituna, in ka cancanta za ka ga inda ake rajista. Shekara ɗaya ta isa ka tara kuɗin injin zubi na takwas a hankali.

Maman Walid:
Ni dai a ƙara da goge takardun mutane in an gama. Wannan ba ya buƙatar dala.

Baban Iman:
In sha Allahu daga yau, Hajiya. Saura matsala ɗaya. Firintar babba ɗaya ce, duka kwamfutocin ta waya suke tura mata aiki, a rauta ɗaya suke. In na zare wa mai Windows 7 waya, ta ina za ta buga?

Habu Mai Gyara:
Mafi sauƙi, haɗa ta da firintar kai tsaye da kebul na USB, sauran su ci gaba da bi ta waya. Yawancin manyan firintoci na karɓar duka biyun. In ba ta karɓa, a ba kwamfutar lambar adireshi da hannu a bar gurbin ƙofar fita ba komai. Za ta ga firinta da sauran kwamfutocin shago, amma ba za ta san hanyar waje ba.

Injiniya Zuby:
Ta farkon ta fi. A ta biyun ita ba ta fita, amma in wata a shagon ta kamu za ta iya shafa mata, yadda WannaCry ya yi. In dole sai ta biyun, a kashe mata tsohuwar hanyar musayar fayil, SMB1, Windows 7 na iya aiki ba ita. XP kuwa ita kaɗai ya iya, don haka ta lungun nan kada waya ko ɗaya ta shige ta, sai filashin shago.

Ɗan Linux:
Kafin ma a kai nan, Baban Iman, wace irin sikana ce? Tsofaffin sikanoni da yawa da kamfanoninsu suka daina yi wa diraiba suna aiki a Linux ba tare da an saka komai ba. Ba sai ka goge komai ba wajen gwadawa, ana tayar da Mint daga filashi, ka soka sikanar ka gani. In ta yi, XP ɗin ta yi ritaya, ka rage abin da ke shan wutar inbata.

Habu Mai Gyara:
In ta yi. Na ga waɗanda suka yi, na ga waɗanda fitilar kawai ke kamawa.

Baban Iman:
Canon ce, ƙaramar nan mai shan wuta ta USB, lambar ta goge sai na ɗaga ta na duba ƙasanta. Ga abin da na tsayar: ɗaya mai Windows 7 za ta koma Mint don kwastomomi, ɗayar ta zauna da Corel ba intanet, mai Windows 10 zan nemi ƙarin shekarar nan, XP kuma sai abin da gwajin sikana ya nuna. Malam Habu, wadda za a sa wa Mint ɗin ram giga 2 gare ta, zai isa?

Habu Mai Gyara:
Zai tashi, amma da ka buɗe shafi huɗu a burauza za ta fara nishi, shafukan yanzu ne ke cin ram, ba Windows ko Linux ba. Mai da shi 4, in allon na ɗauka 8. Ka sa mata SSD ko na giga 128 ne, shi ne zai sa ka ɗauka sabuwa ka saya. Ka duba kuma furosesar mai bit 64 ce, don Mint na yanzu ba ya hawa mai 32. Tsohon rumbun kada ka goge shi, cire shi ka ajiye da Windows 7 ɗinsa a ciki, in abin bai yi maka ba ka mayar.

Na Gwaggo:
Ka ji mai gyara, ko a ina sai ya sayar da SSD.

Admin:
Maganar farashi a koma akwatin sirri don Allah, dokar zaure ce. Baban Iman, in ka duba lambar sikanar ka ajiye ta a nan, akwai masu irinta da za su so jin yadda gwajin ya kasance.